Ramin da Aka Hure

Nasidi ya sa bututu a baki ya hure ramin, ƙura ta taso. Haka ake dasa rodi a tsohon kankare: a huda, a hure, a dura kwaɓaɓɓen siminti, sannan a soka ƙarfen. Ramin da aka bari da ƙura ba ya riƙe rodi, ko yaro ya ja sai ya zare.

A nan dabararsa take. An ɗauko shi daga unguwar Umbadda ya gyara farfajiyar wani gidan jami'an tsaro a Khartum. A gefen farfajiyar akwai tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ita ma an ce ya dasa mata rodi. Ƙanensa Tahir na tsare a cikin ɗakin, watansa na huɗu ke nan. Niyyar Nasidi ya bar ramukan tagar da ƙurarsu, yadda Tahir zai iya zare rodin.

Sai aka haɗa shi da wani soja, Dogo, mai hannu duk kanta, fuska ba annuri. Ko da mai shayi ta kawo, Dogo ya juye sukarinsa a aljihu, ya shanye ruwan da ɗacinsa. Nasidi ya tsane shi nan take. Shi Nasidi kuwa can nesa da wurin aikin ya kai nasa kofin, don duk magini ya san sukari kaɗan ya isa ya hana siminti kamawa.

Da aka zo kan tagar, hafsan gidan ya fito ya tsaya a kansu.

"Ya usta, hure kowane rami," in ji Dogo, yana kiransa yadda ake kiran gwanin magini a can. "Ni zan kwaɓa maka."

Nasidi ya hure. Dogo ya zura yatsa, ya ce a sake. Nasidi ya sake. Tunda yake bai taɓa share rami haka ba, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na yau ba. Da hannunsa yake rufe ɗan uwansa.

Ya dura simintin da Dogo ya kwaɓa, ya soka rodin ɗaya bayan ɗaya. Hafsan ya duba, ya ce tamam, ya yi daidai, ya juya, Dogo na biye da shi.

Nasidi ya durƙusa yana tattara kaya, hawaye na zuba. Ya kai bayan hannu ya goge fuska, ragowar simintin ya taɓa leɓensa.

Zaƙi ya ji.