Geron da ya naɗe ganyensa

Kai da ka zo kana ce mini ƙanenka ya gama yawo, don kawai ka ga ya ja jiki ya yi shiru tun da al'amura suka yi masa zafi, zauna in ba ka misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye da yunwar bazara ta cinye masa rumbu, bai rage komai ba sai tiya biyu na irin gero da ya ɓoye a tulu. Da ruwan farko ya sauka, ya ɗauki sungumi ya zuba irin nan duka a ƙasa, kamar yadda maƙwabtansa suka yi. Gero ya fito kore shar, sai sama ta ɗauke. Rana ta buɗe, ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Shukar da ta kai tsawon yatsa ta tsaya cak, mako ɗaya, mako biyu, ba ta ƙara ko ƙwayar ganye ba, wanda ke jikinta ma ya nannaɗe ya zama kamar tsinken tsintsiya. Mutanen gari suka ce shuka ta ƙone. Masu sauran iri suka sa garma suka kife gonakinsu, suna jiran ruwa su sake shuka. Shi kuwa in ya kife tasa, ba shi da abin da zai mayar, iyalinsa kuma ba su da wata gonar. Tsoro ya kama shi ƙwarai, har tuwo ya daina wuce masa. Wata rana ya yi sammako ya je gonar kafin rana ta fito, sai ya tarar da ganyen nan a buɗe, raɓa kwance a kai. Ya zauna a kan kunya yana kallo. Hantsi na dubawa, ganye ya fara naɗewa a gabansa, a hankali, har ya rufe ruf. Ya ce a ransa, matacce ai ba ya sanin rana ta fito. Ya sa hannu ya tona gefen shuka ɗaya, ya yi ta bin saiwa yana tonawa, sai da hannunsa ya nutse har gwiwa bai kai ƙarshenta ba, can ƙasa kuma da ɗan sanyin laima. Ashe geron ya bar tsawo a sama ne, inda zafi zai shanye shi, ya mai da ƙarfinsa ƙasa. Ya mayar da ƙasar ya rufe, ya tafi gida ya ci tuwonsa har da neman ƙari.

Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya. Wani da ke wucewa ya ce, "Baba, gadin kabari kake yi ne?" Ya ce, "Barci suke yi, kada ka tashe su." Ran kwana ashirin da uku hadari ya haɗo, aka kwana biyu ana zuba ruwa. Masu garma suka fito da sungumi suna shuka daga farko, shi kuwa geronsa ya buɗe ganye ya yunƙura, kowane gindi ya yi 'ya'ya biyar, shida, kafin wata guda tsawonsa ya shanye mutum. A shekarar nan damina ta yi gajarta, ruwa ya ɗauke tun shukar baya tana bununi, zangarniya ta bushe ba ido. Shi ko sai da ya nemi gayya kafin ya kwashe dammansa, mata na guɗa, jakuna na kai da komo har rumbu ya cika aka jera saura a kan rufin ɗaki. Mai maganar kabarin nan ma da shi aka yi dakon, yana tafe dami a ka.

Saboda haka ka ƙyale ƙanenka, ba ka san inda saiwarsa ta kai ba. Hausawa sun ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.