Ƙulli Goma Sha Bakwai

A ofis ana ce wa tsoho mai kula da fayil ƙadangaren bakin tulu. "Ko kunna kwamfuta bai iya ba, sai ƙulle-ƙullen zare kamar masaƙi," in ji ma'aikata. Shi ya sa darakta ta shigo ɗakin ajiya da takardar sallamarsa a jaka, tana rakiyar baƙuwar ƙwararriya da aka turo gyaran aikin gwamnati. Rahoton baƙuwar ne zai buɗe wa ƙasar ƙofar shiga ƙungiyar ƙasashen yankin.

Baƙuwar ta tambaya ta bakin tafinta, "Sau nawa mutum ke dawowa kafin a biya masa buƙata?"

Kwamfuta ba ta da amsa.

Tsohon ya zaro fayil, ya shafa zarensa. "Ranki ya daɗe, duk wanda aka ce ya je ya dawo, ƙulli nake yi masa. Wannan na wata mata ne da mijinta ya rasu. Ƙulli goma sha bakwai."

Baƙuwar ta ɗaga kai. Kantoci har rufi, zare na reto, ƙullin shekara talatin. Ta cire tabarau.

Darakta ta gane fayil ɗin. Sa hannunta yake jira.

"Baba," ta ce, "ka yafe mini."