Zoben Kaka da Bangon Falo

Ina shekara tara Kaka ta zo daga Kano ganin gidanmu a Sterling, cikin jerin gidaje iri ɗaya sak. Can gida an gama yaɗa cewa Baba ya mallaki fada a Amurka.

Ko mayafi ba ta cire ba, ta ƙwanƙwasa bangon falo da zobenta na azurfa. Ya amsa kamar busasshiyar ƙwarya.

Ta dubi Baba. "Wa ya sayar maka da kwali?"

"Hajiya, haka ake gini a nan."

"To, ci gaba da aika musu hoto. Hoto ba a ƙwanƙwasa shi."

Jiya dillali yana ta yabon wani gida a Laurel, ni kuwa ina kallon bango, ina murza zoben nan a yatsana.