Ɗalibin da Efren Ya Ceto

"Ranar da ya sauka nan birnin Iloilo, ko sunan Yesu bai sani ba!" in ji Efren cikin makirufo, yana nuna Biak da ke tsaye gefensa. Ɗaliban zumuntar Kirista ta jami'a suka ɗauki tafi.

Efren ne mai kula da baƙin ɗalibai. Tun da ya tsinci wannan ɗan Myanmar shi kaɗai a ɗakin cin abinci, kullum sai ya ɗauko shinkafarsa da kifi ya zauna kusa da shi. Yakan karanta masa Littafi Mai Tsarki na yara, mai hotuna, da ƙarfi, kalma-kalma. Biak dai sai gyaɗa kai.

"To, ɗan'uwa, faɗa musu da bakinka yadda ka sami ceto," in ji Efren.

Biak ya karɓi makirufon.

"Ku gafarce ni," ya ce. "Babana fasto ne. Shi ya yi mini baftisma, tun kafin sojoji su ƙona cocinmu."

Efren ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya matso, ya raɗa masa, "Me ya hana ka gaya mini?"

Biak ya manta makirufon na bakinsa.

"Kuya Efren, yayana, ai ba ka taɓa tambayata ba. Kuma na lura baƙin da suka riga suka ba da gaskiya, ba mai zama cin abinci da su. Tsoro na ji, in ka sani za ka koma teburin wani."