Ctrl da V a Hannun Malam Meshak

Karo na uku ke nan Malam Meshak yana buga "Zuwa ga dattawan ikilisiya", karo na uku kuma rubutun yana ɓatan dabo. Ya ɗaga hannu zai sharara wa kwamfutar mari, ya tuna ba tasa ba ce, ya sauke a kan cinyarsa.

Shekara ashirin da biyu yana shugabancin mawaƙa a cocinsu da ke Kafanchan. Sai ga wasiƙu biyu sun faɗo ofishin Fasto, bugun kwamfuta tsaf, ba suna ba sa hannu. Wai kunnen Malam Meshak ya tafi. Wai ranar Ista ya ɗauki waƙa ya yi gabas, mawaƙa suna yamma. Yau da ƙarfe huɗu dattawa za su zauna, kuma an ce ya kawo amsarsa a rubuce, in ba haka ba a ba wani kujerar.

Shi dai ya san mai wannan aiki. Gilbert ne, mai buga piyano, wanda ya yi wata uku a Jos ya dawo yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Kwamfutar ta matarsa ce, Lai'atu, sakatariyar zumuntar mata. Da safe ya same ta tana ta ƙwanƙwasa, rahoton zumunta in ji ta. Da ta gama ta zare ɗan filas ɗin ajiye rubutu daga jikin kwamfutar ta jefa a jaka, ta dafa kafaɗarsa.

"Baban Endurance, ka bari in dawo daga Kagoro in buga maka."

"Me?"

"Na ce ka bari in dawo!"

"To mene ne na ihu? Mutumin da ya ci kofi huɗu a gasar waƙa ne na'ura za ta gagara? Bar ta a kunne."

Ta bar masa. Matsalar ita ce wurin shafa yatsa ya mutu tun ranar da kunu ya zube a kai, don haka sai da maɓallai. Ta yagi bayan tsohuwar kalanda ta rubuta masa. Ctrl da S a adana. Ctrl da Z a dawo da abin da aka ɓata. Ctrl da C a kwafa, Ctrl da V a manna.

"Ni ko gogewa ba na yi," ta ce tana ɗaura ɗankwali. "Yankewa nake da X, ko zan nemi abin daga baya."

Bai kama duka ba. Mutanen yanzu a ciki suke magana.

Zuwa sha biyu ya haɗa shafi guda da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar dawa. Ya je adanawa, yatsan ya zame daga S ya sauka kan A. Shafin ya yi duhu gaba ɗaya. Ya taɓa wani harafi don ya lallashe shi, sai komai ya tafi, harafin nan kaɗai ya rage yana kallonsa.

Malam Meshak ya miƙe, ya zagaya tebur sau biyu, ya kira sunan Gilbert har da na kakansa. Sannan ya duƙa kan kalandar. Ctrl da Z. Shafin ya dawo kamar Li'azaru daga kabari.

"Da kin san wanda kike wasa da shi," ya ce wa kwamfutar.

Ƙarfe ɗaya aka ɗauke wuta. Batir ya fara sauka kamar ruwa a randa mai huji. Ya duba wayarsa da ke gefen gwiwar hannunsa, ya ga kiran Fasto biyar da bai ɗauka ba. Wayar banza, ita ma ta daina ƙara. Saƙon da ya biyo baya gajere ne: wasiƙa ta uku ta iso yanzun nan, wani ɗan acaɓa ya kawo.

Ya koma kan maɓallan. Ya buga da ƙarfi har tebur na rawa. Ya kawo zancen kofuna huɗu, ya kawo bikin auren 'yar Fasto, ya kawo mutanen da suka yi kuka ranar jana'izar tsohon dattijo saboda muryarsa. Ya ce a kawo mai wasiƙar gabansa, in namiji ne ya ɗaga murya ɗaya su gani.

Uku saura kwata ya karanta abin da ya rubuta, ya ga zancen kofuna ya faɗa can ƙasa, inda dattijo mai gyangyaɗi ba zai kai ba. Dole ya hau sama. Batir saura kaɗan, ga zuwa shagon bugawa a bakin kasuwa.

Ya kai 'yar alamar da ke ƙyaftawa kan sakin layin. Wajen da Lai'atu ta yi bayanin yadda ake zaɓen rubutu kafin a kwafa, lokacin ta juya masa baya tana neman takalmi. Bai zaɓi komai ba ya danna Ctrl da C, ya gyaɗa kai irin na gwani. Ya haura sama, ƙarƙashin "Zuwa ga dattawan ikilisiya", ya danna Ctrl da V.

Rubutu ya fito, amma ba kofi ko ɗaya a ciki. Ya gyara tabarau.

"Ku sauke shi da mutunci kafin yara su fara yi masa dariya. In kuna shakka ni na sani, domin shekara talatin da ɗaya ina tuƙa masa tuwo, kuma yau shekara biyu sai na dafa kafaɗarsa yake sanin na kira shi."