Sunan da Balaraba Ba Ta Faɗi

Da igiya a ƙugu aka shigo da Sahabi mahauci gaban alƙalin Jega, dogari Isiyaku na riƙe da bakinta. An yanke wayar tangarahu ta Nasara a hanyar Aliero, Bature kuma ya ce duk wanda aka kama, shekara biyu a gidan yari.

Shaidar ɗaya ce, saƙon da matarsa Balaraba ta aika wa hakimi: ta ga ɓarawon, amma sunansa ba ya faɗuwa a bakinta. Kowa ya san mace ba ta kiran sunan mijinta, don haka ba a wahalar da kai ba.

Sahabi bai taɓa wayar ba. Duk da haka abin ya ɗan yi masa daɗi. Ashe matar da ke yi masa tsiya safe da yamma tana jin kunyarsa a idon jama'a.

Alƙali ya sa aka kira Balaraba, ya ce, "Baiwar Allah, mijinki kike nufi?"

"Wa, Sahabi? Allah shi gafarta malam, Sahabi ko tsani ba shi iya hawa. Sahabi, miƙe su gan ka."

Magatakarda ya ɓoye baki a hannun riga.

"To wane ne?"

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi kamar amarya, ta nuna Isiyaku, mijinta na fari.

Aka kwance Sahabi, aka ɗaure dogarin da igiyar. Alƙali ya ce Sahabi ya bi matarsa gida.

Bai motsa ba. Ya ce, "Allah shi gafarta malam, shekara biyun ga, ba a raba muna ita ni da Isiyaku?"