Tela da Takalmin Kan Sif

Barira, ajiye jakar nan ki zauna. Tun ɗazu nake kallonki kina shafa ta kamar jaririya, kin ƙi cire mata leda, wai sai ranar da za ku tashi aikin agajin naku. To bari in ba ki misali.

Wani tela ne a wata unguwa, mutum mai fara'a da zaƙin baki. Ya ji wata ƙungiyar agaji na neman 'yan sa-kai da za su ƙetare teku zuwa wata ƙasa mai duwatsu, inda ambaliya ta cinye ƙauyuka. Mota ba ta hawa can, magani da barguna goya su ake yi a baya. Tela ya ce da shi za a je. Sharaɗi biyu aka gindaya: kowa ya nemo kuɗin jirginsa, kuma kowa ya ci gwajin ƙarshe, wato hawan dutsen bayan gari da kaya a baya. Wanda ya kasa, ba shi ba jirgi. Na farkon kam bai ba shi wuya ba. Abokansa suka haɗa masa ajo, aka yi kiɗa aka yi liƙi, matan unguwa suka toya waina ranar kasuwa suka zuba ribar a gidauniyarsa, har mai wankin hula ya kawo nasa. Gwaggonsa kuwa ta sayar da tunkiyarta ta sayo masa takalmin hawan dutse, mai kauri, mai igiya har idon sawu. Wayyo daɗi! Tela ya rungume takalmin nan, ya mayar da shi kwali, ya ɗora a kan sif. Kin dai san halinmu da sabon abu, kamar kayan Sallah, ba a taɓawa sai ranar. Kullum da safe 'yan tawaga na atisaye da takalmansu, suna cusa su cikin taɓo da tsakuwa har suka yi muni, shi kuwa gogan naki yana biye da su da tsohon silifas, yana musu dariya. Matar da ke horar da su ta yi magana har ta gaji. Sai ya ce, “Haba Hajiya, tunkiya guda fa! In kashe shi tun ban ga jirgi ba?”

Ranar gwaji ya fito fes, takalmi na ƙyalli, unguwa ta rako shi da guɗa har gindin dutse. Ba a kai rabi ba takalmi ya fara cin dunduniya. Ya daure, ya cije, ga Gwaggo a ƙasa ta zuba masa ido. Ina! Ƙafa ta yi bororo, bororon ya fashe, tela ya zauna daɓas, waɗanda ya yi wa dariya suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya da munanan takalmansu masu laushi. Da ƙyar ya sauko, takalmi rataye a wuya. Wallahi ranar ya sha kunya, ko iya haɗa ido da matan da suka sha hayaƙi dominsa bai yi ba. Ranar tashi shi ya raka tawaga tasha yana ɗingishi, ya ɗaga musu hannu. Allah ya rufa masa asiri, ƙungiyar ta ajiye masa gurbinsa a rukuni na biyu, bayan damina. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, “Ɗan nan, na saya maka ne ka taka, ban ce ka yi masa gadi ba.” Tun da ƙafa ta warke, shi da takalmin nan sai sallah da barci ke raba su. Da shi yake taka keken ɗinki, da shi yake zuwa cefane, har ɗaurin aure ya je da shi a ƙarƙashin babbar riga, jama'a na ta tsokanarsa yana dariya. Ranar da ya hau jirgi takalmin ya koɗe, ya yi muni kamar na kowa, kuma har ya je ya dawo bai ci masa ƙafa ba.

To, yage ledar nan ki cika jakar da kaya, gobe ki zo atisaye da ita a baya, ta saba da kafaɗarki tun a gida. Hausawa dai sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.